Daga ƙarfi zuwa gudu: tarihin kalmar Ingilishi *fast* da kalmomin sauri a Hausar Gidan Rumji

1. Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe ƙamus na Ingilishi ya nemi kalmar *fast* zai tarar da ma'anoni uku waɗanda, a ido, babu abin da ya haɗa su: «mai sauri», «kafaffe, wanda ba ya motsi», da kuma «azumi». Ta farko da ta biyu ma kishiyoyin juna ne. Wannan ba haɗuwar tsautsayi ba ce. Kalma ɗaya ce ta yi rassa cikin shekaru fiye da dubu, kuma ana iya bin sawunta a rubuce.

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin kalmar, sannan mu ɗora ta kusa da kalmomin da Hausa take amfani da su wajen faɗin sauri, musamman a karin harshen Gidan Rumji da na maƙwabtanta, Agye da Gazawa, cikin jihar Maraɗi. Abin da muke so mu nuna shi ne, harsuna sukan ɗauko kalmomin sauri daga wani abu da jiki yake ji, wato ƙarfi ko rai ko zafi, kuma ba a gano wannan hanya ta kamannin kalmomi a kunne, sai ta dokokin sauye-sauyen sauti da shaidar karin harshe.

Batun ba na sha'awar masana kawai ba ne. Tun daga 1973 ake koyarwa da Hausa a makarantun gwaji na Nijar, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ke nan mai rubuta littafin lissafi ko na kimiyya, da mai fassara, dole su zaɓi kalma tsakanin *sauri*, *gudu*, *hanzari* da *gaggawa*. Zaɓin da aka yi bisa sanin tarihin kalma ya fi wanda aka yi da ka.

Kalmomin da ake nazari mun karkata rubutunsu, ma'anoninsu kuma mun sa su cikin baka biyu. Ba mu nuna karin sauti da tsawon wasali ba sai inda bayani ya buƙaci haka.

2. Tarihin *fast*

A tsohon Ingilishi, wato wanda aka yi kafin wajen shekara ta 1100, ana rubuta kalmar *fæst*, kuma ma'anarta «kafaffe, mai ƙwari, wanda aka ɗaure tam». Babu maganar gudu a cikinta ko kaɗan. Ƴan uwanta a sauran harsunan zuriyar Jamusanci suna nan da wannan ma'ana har yanzu: *fest* a Jamusanci, *vast* a harshen Holan, *fastr* a tsohon harshen mutanen arewacin Turai. A Ingilishin yau ma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Tana nan a cikin aikatau *fasten* «ɗaure», da sifa *steadfast* «mai tsayawa kan magana», da jimloli irin su *hold fast* «riƙe gam».

Sauyin ya faro ne daga bayanau, ba daga sifa ba. Bayanau *fæste* yana nufin «da ƙarfi, sosai», kuma yana raka kowane irin aikatau: a riƙe da ƙarfi, a yi barci sosai, a yi yaƙi da ƙarfi. To, in aka haɗa shi da aikatau na motsi, sai ma'anar ta karkata da kanta, domin wanda ya ruga da ƙarfi ai da sauri ya ruga. Wajen shekara ta 1200 an fara samun wannan ma'ana ta «da sauri» a rubuce. Masana da dama suna ganin harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a gabashin Ingila tun ƙarni na 9 ya taimaka, don su ma bayanau ɗinsu *fast* yana nufin «da ƙarfi». Sai daga baya ne sifa ta bi sawun bayanau, aka fara kiran doki ko jirgin ruwa *fast* da nufin mai sauri. A ƙarni na 18 kuma kalmar ta ƙara wani reshe, ana faɗinta ga mutumin da ya saki jiki da holewa, mai cin duniya da gaggawa.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan hanya ba. Mu dubi waɗannan misalai:

(1) Ya riƙe igiya da ƙarfi.
(2) Ya yi magana da ƙarfi.
(3) Ya ruga da ƙarfi.

*Da ƙarfi* ɗaya ne a jimlolin uku, amma a (1) damƙa ce, a (2) ɗaga murya ne, a (3) kuwa sauri ne. Aikatau shi ne yake ba bayanau launinsa. Bambancin kawai shi ne, a Hausa ma'ana ta (3) ba ta ɓalle ta zama mai zaman kanta ba. Ba a cewa *doki mai ƙarfi* da nufin mai gudu. A Ingilishi ta ɓalle, har ta rinjayi uwarta. Jamusanci kuma ya bi wata hanya dabam da bayanau ɗin nan: daga «da ƙarfi» ya koma «ƙwarai», daga nan ya koma «kusan, saura kaɗan», wanda shi ne ma'anar *fast* a Jamusancin yau.

Saura azumi. Aikatau *fæstan* na tsohon Ingilishi daga saiwar nan yake, kuma asalin ma'anarsa «riƙe, kiyaye». A fassarar Linjila da aka yi cikin harshen Got a ƙarni na 4, *fastan* yana ɗauke da ma'anonin biyu, kiyaye doka da barin abinci. Mai azumi shi ne wanda ya riƙe ƙa'ida gam, ko ya riƙe kansa. Hausa tana da irin wannan hoto a *kamun baki* da kishiyarsa *buɗa baki*. Haka kuma *breakfast*, da ta bayyana a ƙarni na 15, ginin ta ɗaya da *karin kumallo*: karya yunwar dare. Faransanci ma haka ya yi, don *déjeuner* da *dîner* duka daga aikatau ɗaya na Latin suke, mai nufin «warware azumi».

3. Rai da zafi: *quick*, *vif*, *tôt* da *zaiba*

*Fast* ba ita kaɗai ta shigo fagen sauri daga waje ba. *Quick* a tsohon Ingilishi *cwic* ce, ma'anarta «mai rai». Saiwarta ɗaya da *vivus* na Latin, wanda ya haifi *vif* na Faransanci, da *bios* na Girkanci. Mai rai shi ke motsi, mai motsi shi ke da kuzari, daga nan sai sauri. *Speed* kuwa da can «nasara, arziki» take nufi. *Rapide* na Faransanci daga aikatau *rapere* na Latin yake, wato «fizge, wawure», kamar yadda muke cewa direba *ya fizgi mota*.

Wani abin lura shi ne, wannan saiwa ta «rai» ta iso Hausa ta wata doguwar hanya. Ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da ake gani cikin ma'aunin zafi, Ingilishi yana kiransa *quicksilver*, Faransanci *vif-argent*, wato «azurfa mai rai», saboda yadda yake tsere wa yatsa. Farisawa ma «mai rai» suka kira shi. Larabci ya ara ya ce *zi'baq*, Hausa kuma ta ara daga Larabci ta ce *zaiba*. Ke nan *zaiba* da *quick* kakansu ɗaya, alhali babu wani sauti da ya yi kama a tsakaninsu. Za mu koma kan wannan darasi a sashe na gaba.

Hanya ta uku ita ce zafi. *Tôt* na Faransanci, wanda a tsohon harshen ake rubutawa *tost* da ma'anar «da sauri», ana danganta shi da *tostum* na Latin, «gasasshe, ƙonanne». A nan Hausa ta fi kowa wadata. Mai kuzari *mai zafin nama* ne, ko *zahin nama* a bakin Bagobiri. Malalaci kuwa *mai sanyin jiki*. Abin da ake so a yi nan take, *da zafi-zafi* ake yinsa, kuma karin magana ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. A ɗaya gefen, rashin sauri nauyi ne: *nauyin jiki*, *nauyin baki*.

4. *Sauri* da *samri*: shaidar Gobir

Ta fuskar gini, *sauri* ta yi daidai da rukunin sunayen da Parsons ya bayyana a 1955, wato sunayen abin da gaɓoɓi suke ji: *zafi*, *sanyi*, *nauyi*, *ƙarfi*, *tauri*, *faɗi*, *zurfi*, *kaifi*, *ɗaci*. Dukansu gaɓa biyu ne, ta farko mai nauyi, karin sautinsu sama-sama, kuma suna ƙarewa da dogon wasali *i*. Wannan ya nuna mana abu guda tun da farko: inda Ingilishi yake da sifa, Hausa suna take da shi. Ba ta siffanta doki kai tsaye. Cewa take yi yana *da* sauri, ko *mai* sauri ne, kamar yadda dutse yake da nauyi.

Wanda ya gama karanta tarihin *fast* zai iya cewa: to, ai Hausa ma haka ta yi, ga *tauri*, ga *tsauri*, ga *sauri*, daga ƙwari aka gangaro zuwa gudu. Zancen yana da daɗin ji, amma ba ya tsayawa. Da farko, *t* da *ts* da *s* baƙaƙe ne masu zaman kansu, su ne suke bambanta *tara* da *tsara* da *sara*, kuma babu wata doka a Hausa da take musanya su a farkon kalma gaban wasalin *a*. Na biyu, kuma mafi ƙarfi, ita ce shaidar karin harshen yamma.

A wata maƙala da ta fito a 1927-1928, August Klingenheben ya bayyana yadda baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka raunana a tarihin Hausa. Paul Newman ya sake nazarin dokar cikin wani littafi a 2004. Dokar tana da sassa uku:

(4) Baƙin hanɗa ya koma *u*: *talaka* amma *talauci*, *ɓakane* amma *ɓauna*.
(5) Baƙin hanƙa ya koma *r*, ko *l* a yamma: *fatake* amma *farke* ko *falke*, *ɓata* amma *ɓarna*.
(6) Baƙin leɓe ya koma *u*: *sabro* ya zama *sauro*, *abduga* ta zama *auduga*.

Sashe na (4) ya game Hausa baki ɗaya. Na (6) kuwa bai game ba: a Kano da kewayenta ya auku, yamma ba ta karɓe shi ba. Baƙin *m* ma ya shiga ciki, amma sai in *n* ko *r* ne ke biye da shi. Shi ya sa ake samun waɗannan tagwaye:

(7) yamma: *zamna*, *ƙamna*, *amre*, *ɗamre*, *tamraro*, *gamraka*, *samri*
(8) gabas: *zauna*, *ƙauna*, *aure*, *ɗaure*, *tauraro*, *gauraka*, *sauri*

Ke nan tsohuwar siffar kalmarmu ita ce *samri*, kuma *au* da ke cikin *sauri* sabon abu ne. Mai cewa *samri* a ƙasar Gobir da Maraɗi, in ya zo kan masu maganin ƙarfe, *ƴan tauri* yake cewa, da *au* ɗinsa. Kalmomin biyu sun yi kama ne a Kano kawai, saboda dokar ta haɗa abin da asali ya raba. Da Hausar Kano kaɗai muke da ita, da ba mu da abin da za mu kafa wannan hujja da shi.

Ba abin mamaki ba ne a sami tsohuwar siffa a wannan yanki. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da Katsinawan da suka riga suka zauna a Maraɗi. Tsibiri tana cikin gundumar Gidan Rumji a yau, tare da Cadakori da Gidan Sori da Sae Sabuwa. Agye da Gazawa kuwa sun fi karkata ga Katsinanci. Kusan duk ƙarni na 19 waɗannan ƙasashe suna gaba da daular Sakkwato, daga baya kuma iyakar da Faransa da Ingila suka shata, wadda ayarin Tilho ya bi ya kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908, ta sa su a gefen da makarantar boko ba ta koyar da Hausar Kano. Amma kada a ɗauka gabar siyasa ce ta raba karin harshe: Basakkwace ma *zamna* da *amre* yake cewa.

Da zarar an mayar da kalmar ga siffarta ta *samri*, sai wata maƙwabciya ta bayyana. *Saurayi* a yamma *samrayi* ne, ko *sarmayi* in an juya baƙaƙen kamar yadda *amre* yake zama *arme*. Jam'insa *samari*, da *samartaka*, da *samariya*, ƙungiyar matasa da gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974, duka sun riƙe *m* ko a Kano, domin a cikinsu *m* ba a ƙarshen gaɓa take ba. Baƙaƙen saiwar ɗaya ne, *s-m-r*, kuma ƙuruciya da kuzari ba su da nisa da juna, kamar rai da sauri a cikin *quick* da *vif*. Muna kawo wannan a matsayin hasashe: siffa ta yarda, ma'ana ta yarda, amma abin da zai yanke hukunci shi ne kwatanci da sauran harsunan Cadi na yamma.

5. *Azama* da *azumi*, da sauran ƴan gidan

In ana neman kalmar Hausa da ta bi hanyar *fast* sawu da sawu, ba *sauri* ba ce, *azama* ce. An aro ta daga saiwar Larabci *ʿ-z-m*, mai nufin ƙulla niyya da tsayawa a kanta. A bakin malamai tana riƙe da wannan ma'ana, amma a bakin jama'a, in an ce wa yaro *yi azama*, cewa ake ya yi sauri. Daga kafewar zuciya zuwa saurin ƙafa: tafiyar da *fæste* ya yi ke nan.

Wani zai so ya ƙara *azumi* a kan wannan, don a sami cikakken kwatanci da Ingilishi. Ba daidai ba ne. *Azumi* daga *ṣawm* take, saiwar *ṣ-w-m*, kuma siffarta ta nuna ta biyo ta bakin Abzinawa ne kafin ta iso Hausa, shi ya sa *ṣ* ta zama *z*. Don haka lamarin ya juye: a Ingilishi sauri da azumi kalma ɗaya ce tun asali, a Hausa kuwa *azama* da *azumi* baƙi ne biyu da suka sauka a zaure ɗaya.

Sauran kalmomin za mu taɓa su a taƙaice. *Gaggawa*, ko *gaugawa* a yamma, ninki ce, kuma *gau* ɗin yana fitowa a aikatau *gaggauta*. Ita ce kalmar da ake zargi: gaggawa aikin Shaiɗan, in ji masu iya magana, suna bin wani zance sananne na Larabci. *Garaje* ya fi ta muni, don shi sauri ne babu tunani. *Hanzari* kuwa abin yabo ne, kuma yana da ma'ana ta biyu, wato uzuri ko hujja. A kan wannan harshen damo aka gina *wani hanzari ba gudu ba*, da ake faɗi in za a kawo suka cikin ladabi. *Maza* bayanau ne, ninkinsa *maza-maza* yakan taƙaita ya zama *marmaza*, inda *z* ta koma *r* bisa doka ta (5). Ga kuma amsa-kama: *wuf*, *farat*, *caraf*, *fir*. Ita kanta *sauri* tana tsakiya, ba yabo ba zargi, sai in ta wuce kima, a ce sauri ya haifi nawa.

6. Daga zango zuwa kwalta

Kalmomi suna zaune ne cikin rayuwar masu su, saboda haka ya kamata mu tambayi abin da sauri yake nufi a wannan yanki a zamanai dabam-dabam.

A ƙarni na 19 ana auna tafiya da kwana da zango. Madugu ba ya neman ayarinsa ya yi gudu. So yake ya isa rijiya ta gaba da jakuna da raƙuma lafiya, kuma karin maganar fatake shi ne sannu ba ta hana zuwa. A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina, abokin tafiyarsa Adolf Overweg kuma ya nufi Maraɗi da Gobir. A lokacin Gazawa gari ne mai kariya a bakin iyakar ƙawancen Maraɗi da Gobir, kuma dajin da ke tsakaninta da Katsina wurin mahara ne, ayari yakan haɗa kai ya ratsa shi ba tare da ɓata lokaci ba. Gudu na mayaƙi ne da ɗan aike da mai tsira da rai. Shi ya sa *gudu* take ɗauke da ma'anar tserewa har yau, a *gudun hijira* da *gudun tsira*, kuma kalmomin da suka rarrabe matakan sauri dalla-dalla na doki ne, irin su *sassarfa* da *sukuwa*.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗar ƙasar Maraɗi ta daɗe tana fita ta Nijeriya, kafin hukumar mulkin mallaka ta Faransa ta fara karkata wani kaso nata zuwa Paraku da Kwatano a shekarun 1950. Wannan ciniki, wanda Emmanuel Grégoire ya yi nazarinsa a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, shi ne ya sa yankin da Faransa ta mulka ya cika da kalmomin mota na Ingilishi: *mota*, *direba*, *giya*, *birki*, *taya*, *sitiyari*, *totur*, *tasha*, *fasinja*, *lodi*. Faransanci ya ba da nasa, amma galibi ta ƙofar hukuma da makaranta: *lakwal*, *mushe*, *jandarma*, *duwan*.

Abin lura a nan shi ne, sunayen kaya aka ara, ba sunan hali ba. *Fast* da *vite* ba su zama kalmomin Hausa ba. Da mota ta zo, sai tsofaffin kalmomi suka faɗaɗa suka ɗauke ta. Direba *yana taka totur*, ko *yana ba ta wuta*, wato hoton zafin nan da muka gani a sashe na 3. Mota *tana gudu*, kamar doki, kuma ana cewa *gudun kilomita 80 a awa*. A kan babbar hanya ta 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji daga Birnin Ƙonni da Madawa, ta wuce ta Maraɗi zuwa Agye da Gazawa da Tasawa, nisan da ayari yake kwana a cikinsa ya koma tafiyar awa ɗaya ko biyu. Da baburan *kabu-kabu* suka yawaita kuma, sai *gudun wuce sa'a* da *tuƙin ganganci* suka zama kalmomin yau da kullum a rediyo. Tsohon zargin da ake yi wa gaggawa ya sami sabon gida.

7. Abin da wannan tarihi yake koya wa mai fassara da mai ƙirƙirar kalmomi

Ga mai fassara daga Ingilishi, darasin a fili yake: *fast* ɗaya tana buƙatar kalmomin Hausa da yawa.

(9) *a fast horse*: doki mai gudu, ko mai sauri
(10) *hold fast*: riƙe gam
(11) *fast asleep*: cikin barci mai nauyi
(12) *a fast colour*: launin da ba ya zuba
(13) *the clock is fast*: agogon yana sauri
(14) *to fast*: yin azumi

Misali na (11) ya isa gargaɗi, don a nan Hausa ta ɗauko *nauyi*, wanda a wajenta kishiyar sauri ne.

Ga mai rubuta littafin makaranta kuwa, matsalar ita ce *vitesse* ta lissafi da kimiyya, wato nisa a raba da lokaci. Wannan ma'auni ne da ba ya yabo: hawainiya ma tana da nata. Ana iya cewa *sauri* ba ta dace ba, tunda mai tafiyar hawainiya ba a ce yana da sauri. Amma rukunin da kalmar take ciki ya riga ya amsa wannan. Muna cewa *nauyinsa giram 5* ga abin da ba shi da nauyi, muna cewa *zurfinta taƙi 2* ga rijiyar da ba ta da zurfi. Sunayen wannan rukuni suna aiki biyu, su faɗi yawan hali, su kuma zama sunan ma'auninsa. Don haka *saurinta kilomita 4 a awa* Hausa ce tsantsa. Muna ba da shawarar a keɓe *sauri* ga ma'auni, a bar *gudu* ga shi kansa motsin, a ce *ƙarin sauri* da *ragin sauri* ga abin da totur da birki suke yi, a bar *gaggawa* inda ta riga ta zauna, a *taimakon gaggawa* da *taron gaggawa*.

8. Kammalawa

Mun ga *fast* ta taso daga kafewa, *quick* daga rai, *tôt* daga zafi, kuma Hausa ta san hanyoyin uku: *azama* da *da ƙarfi*, *zaiba* da wataƙila *samri*, *zafin nama* da *ba ta wuta*. Mun kuma ga kamanni ya ruɗe mu sau biyu, a *sauri* da *tauri*, da *azama* da *azumi*, alhali *zaiba* da *quick*, da ba su yi kama ba, dangi ne.

Tarukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980 sun daidaita rubutun Hausa, kuma daidaitacciyar Hausa bisa karin gabas aka gina ta. Wannan ya zama dole don littafi ɗaya ya karantu daga Damagaram zuwa Zariya. Sai dai Ingilishi yana da rubuce-rubucen shekara dubu da ake bin tarihin *fast* a cikinsu. Hausa kuwa, ban da ajami da ƙamusoshin ƙarni na 19 da na 20, babban kundin tarihinta shi ne karin harsunanta. Malamin da ya ji ɗalibi a Tsibiri ko Cadakori ya ce *samri*, ya kamata ya koya masa rubuta *sauri*, ya kuma gaya masa cewa tasa siffar ita ce ta fari. Aikin da ke gaban ɗalibanmu masu neman batun bincike shi ne su bi kasuwannin Gidan Rumji da Agye da Gazawa, ƙauye-ƙauye, su rubuta inda ake cewa *samri* da inda ake cewa *sauri*, da shekarun masu faɗin kowace, don a san inda iyakar take da kuma wajen da take matsawa.